AMANAR CIKIN YARO: Tsokaci a kan abin da muke ciyar da ƙananan yaran da aka damƙa mana

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A ranin da ya gabata na je gaishe da dangi a wani ƙauye da ke kusa da madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano. Lokaci ne da lambu ya yi albarka. Duk inda ka waiga kwandunan tumatur ne da buhunan albasa ana lodawa a mota za a yi birni da su. Da hantsi na bi ta wata Islamiyya da ke da ajin 'yan reno, wato yara masu shekara uku zuwa biyar, sai na tarar an tashi tara. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon abin da kowa ya fito da shi. Wannan biskit, wancan alewa, wata kuma lemon leda mai launin da ke rina harshe. Yaro ɗaya ne na ga ya zo da ɗumame a 'yar roba. Da yawansu ba su zo da komai ba, sai bin hannun 'yan'uwansu da ido. A can gefe ga wata yarinya zaune, gashinta ya yi ja ya yi laushi, cikinta ya turo gaba, hannuwanta kamar sillen kara. Na tambayi malamar ajin ko ta lura da ita. Ta ce ta lura, sannan ta ƙara da cewa, "To Malam, ai mu karatu aka kawo mana su."

Ban ga laifinta ba, domin abin da ta faɗa shi ne ra'ayin mafi yawanmu. Amma wannan jumla ta hana ni sakat, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya karɓi ƙaramin yaro ya riƙe shi, ko da na rabin yini ne, to ya karɓi amanar cikinsa tare da amanar karatunsa, kuma ba ya halatta ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu fara duba hannuwan da yaron ƙauye ke bi kafin ya kai shekara shida. Akwai kaka, wadda ake kai mata shi ranar yaye. Akwai 'yar reno, wadda sau da yawa yayarsa ce mai shekara bakwai ko takwas, ita ma ba ta gama buƙatar reno ba. Akwai ajin reno na Islamiyya ko na firamare. Sannan akwai malamin tsangaya, wanda ake kai wa ƙolo a bar masa shi dare da rana. Waɗannan su ne gidajen renonmu, ko da babu allo a ƙofarsu da ya faɗi haka. A kowane ɗaya daga cikinsu uwa ba ta nan, kuma wani ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga bakin yaro.

Ba baƙon abu ba ne a Musulunci a ba da yaro reno. Shugabanmu (SAW) da kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi shekarunsa na farko, a ƙauyen Banu Sa'ad, kuma babban abin da ya sa Ƙuraishawa ke kai jariransu ƙauye shi ne neman lafiyar jiki da fasahar harshe. Ka ga ke nan jiki da harshe tare aka nema. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a wuyan uba, ta kuma halatta ba da yaro ga wata mai shayarwa idan an biya ta haƙƙinta. Malaman fiƙihu sun ware babi guda na reno da babi guda na ciyarwa. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, an nuna cewa tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyan mutum zunubi ne da ya ishe shi. Kuma kowa ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Idan wannan hukuncin kyanwa ne, ina ga ɗan Musulmi mai shekara huɗu?

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babi shi ne na Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA), wanda Ibnu Sa'ad ya kawo. Wani dare yana gadin wasu fatake da suka sauka Madina, shi da Abdurrahman ɗan Aufu (RA), sai ya riƙa jin kukan jariri ba ƙaƙƙautawa. Ya je ya yi wa uwar magana har ya maimaita. Ita kuwa, ba tare da ta san ko wane ne ba, ta bayyana masa cewa yaye take yi masa da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kuka ya rinjayi Umar a cikin salla, bayan ya sallame ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, domin daga ranar kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Bai ce laifin uwar ne ba. Ya duba tsarin da ya jefa ta cikin wannan hali, ya gyara shi kafin rana ta fito.

Yanzu bari mu zo kan abincin kansa, domin a nan ne kuskurenmu ya fi yawa, kuma kuskure ne na rashin sani, ba na mugunta ba. Mun ɗauki ƙoshi a matsayin ciyarwa. Idan yaro ya sha koko cikinsa ya ɗaga, ya daina kuka, sai mu ce alhamdu lillahi an gama. Alhali tumbin yaro ɗan shekara ɗaya bai wuce ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba. Idan ka cika wannan kofi da tsinkakken koko wanda mafi yawansa ruwa ne, to ka rufe ƙofa ba ka shigar da komai ba. Babba yana iya cin tuwo malmala uku ya rama abin da ya rasa. Yaro ba shi da wannan wuri. Shi ya sa yake buƙatar abinci mai kauri, mai mai, mai haɗi, kuma sau da yawa a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla a watanni shida na farko, ko ruwa ba a haɗawa. Daga wata shida zuwa takwas a ƙara da abinci sau biyu zuwa uku. Daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma yana ci gaba. To ka gaya mini, yaron da aka bar wa 'yar reno da kwanon koko tun safe, wa zai ƙirga masa wannan?

Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma ba su isa su gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa su kaɗai ba. Sai an haɗa da wake, ko gyaɗa, ko waken suya. Sai an sami ɗan ƙwai, ko kifi, ko nono. Sai an sa ganye irin zogale da alayyafo da rama, da kayan da cikinsu ke da ruwan ɗorawa irin kabewa da karas da mangwaro da gwanda, waɗanda ke ba da bitamin A mai kare ido da taimakon jiki wajen yaƙar cuta. Masana sun nuna cewa kwanaki dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne lokacin da ake aza harsashin jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tsumburewar da ta auku a lokacin da wuya a gyara ta daga baya.

Ba ƙaramar matsala nake magana a kai ba. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Kano kuwa sun haura rabi. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna adadin na ƙasa ya ƙaru zuwa kashi 40. A maƙwabciyarmu Katsina, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sanar da cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta sanadiyyar tamowa a watanni shida na farkon 2025. Mutanen Bagwai ba za su manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a kan wannan ruwa na Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su maulidi, aka rasa aƙalla rayuka 29, mafi yawansu yara. Allah Ya jiƙan su da rahama. Duk ƙasar nan ta girgiza, kuma ya cancanta ta girgiza. Amma yunwar yara tana ɗaukar irin wannan adadi ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗaki, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yi yawa, sai a ce shawara ce, ko haƙori, ko iska, a binne a koma gona.

Game da yaye, akwai wani abu da na karanta da ya ba ni mamaki. Wata likita Baturiya mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau cikin shekarun 1930, ita ce ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin littattafan likitanci. Kalmar daga harshen Ga take, kuma ma'anarta ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Wato abin da mu muke kira kwanika, iyayen can sun riga sun gane illarsa har sun raɗa wa ciwon suna da shi. A wurinmu, rana ɗaya ake ɗauke yaro daga nono a kai shi gidan kaka. Ya rasa uwa, ya rasa nono, ya rasa ɗakin da ya sani, duk a yini guda, sai ya ƙi cin abinci, a bi shi da kunu da sukari don ya yi shiru. Kakanninmu mata ba su gaza a ƙauna ba, Allah Ya saka musu. Abin da ya rage shi ne wanda ya kai yaron ya kai shi da guzurinsa, ya kuma zauna ya yi wa kakar bayani cikin ladabi. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata. Ban san aya ko hadisin da ya zo da wannan ba, kuma na ga ɓarayi da yawa waɗanda ba a ba su ƙwai suna yara ba.

Abin takaicin shi ne maganin yana gonarmu. Abincin nan na leda da ake bai wa yara masu tamowa a asibiti, wanda wani likita Bafaranshe mai suna André Briend ya ƙirƙiro a 1996, ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran bitamin. Da shi aka ceci dubban yara a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005. Gyaɗa fa! A Kano, garin da aka san shi da dalar gyaɗa har zuwa shekarun 1970. Manomin Watari yana noma wake da gyaɗa da damina, ya noma shinkafa da masara da kayan lambu da rani, masunta suna fito da kifi daga dam, matan Fulani suna shigowa da nono kowace safiya, zogale yana tsaye a bayan ɗaki. Amma mai kyan duk kasuwa ake kai shi. A sayar da ƙwan zabi a sayo biskit, a sayar da wake a sayo taliyar leda, wai don ita ce abincin 'yan birni.

Wani zai ce ai talauci ne. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 tsadar abinci ta kai inda magidanta da yawa ba sa iya ɗora tukunya sau uku. Wanda ba shi da shi, Allah bai kallafa masa abin da ba zai iya ba. Amma yaran da na gani da lemon leda iyayensu sun ba da kuɗi, ba kyauta aka ba su ba. Wannan kuɗin da ƙosai aka saya da shi, ko awara, ko ƙuli-ƙuli, ko dafaffiyar gyaɗa, da ya yi wa jikin yaron aiki. Saboda haka matsalar kashi biyu ce, akwai rashi, akwai kuma rashin sanin inda za a sa ɗan abin da ke akwai.

Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. Gwamnati tana da nata haƙƙin, kuma labarin Sayyidina Umar hujja ce a kanta. An taɓa gwadawa: gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ciyar da 'yan firamare a Kano a zangonta na 1999 zuwa 2003, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da nata shirin a 2016, a kan naira 70 kowane yaro da farko, kafin a dakatar da shi a Janairun 2024. Amma shirin na tarayya aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati ya shafa. Ɗan shekara biyu da ke gidan kaka bai shiga ba, ƙolon tsangaya ma haka. Kuma abin da ke zuwa da gwamnati yana tafiya da ita, alhali cikin yaro ba ya jiran kasafin kuɗi.

Na san maganar tsangaya tana da zafi, kuma ina girmama alarammomin da suka riƙe mana Alƙur'ani tun kafin a san boko a ƙasar nan. Amma mu tuna yadda tsarin yake a da. Malam yana da gona, gardawa suna noma ta, kowane almajiri yana da gidan da ake ajiye masa kwanonsa, gari kuma ya ɗauki ciyar da mai karatu a matsayin ibada. Yau gonaki sun tsuke saboda rabon gado da yawan jama'a, musamman a wannan yanki namu da gida ke jikin gida. Gidan da ke zuba wa almajiri shi ma yana lissafin ludayi. Babban almajiri zai iya yin dako ko wanki ya ci. Ƙolo mai shekara biyar fa? Shi ne ke zuwa ƙarshe a layi, shi ake ƙwace wa, shi ke cin ƙanzo da tuwon da ya kwana ya yi yami. A ganina, bai kamata malami ya karɓi yaro ƙarami irin wannan ba sai uban ya kawo hatsinsa da wakensa na shekara, ko ya ɗauki alkawarin aikowa duk wata a gaban shaidu. Uban da ba zai iya ba, ya bar ɗansa ya yi karatu a makarantar allon ƙofar gida, ya ci tuwon uwarsa. Ciyarwa wajibi ce a kan uba, kuma kai yaro wani gari ba ya sauke ta. Wanda ya ce tawakkali ne, to ya tuna an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar ofis. Kowace makarantar da ke riƙe da ƙananan yara ta sami tukunya ɗaya, a dama musu kunu mai kauri sau ɗaya a yini. Haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown, mai sauƙi ne: mudu shida na gero ko dawa ko masara, mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa. A gyara, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken suyan, a haɗa a niƙa. Wanda ya sami busasshen kifi ya daka ya zuba. Hatsin kuwa daga ina? Daga iyaye, kowa gwargwadon ƙarfinsa lokacin kaka, sannan daga zakka da sadaka. A mazhabar Malikiyya ana fitar da zakkar gero da dawa da shinkafa da wake idan sun kai wusuƙi biyar, wato sa'i 300: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga wanda aka wahala wajen ban ruwa, kamar da injin. Ana iya damƙa wa iyayen yaran matalauta rabonsu su kawo da hannunsu. Yadda za a tsara wannan ya dace da shari'a, malaman gari su zauna a kai. Kayan lambu kuwa babu zakka a cikinsu a wurin Imamu Malik, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai. Amma ƙofar sadaka ba ta rufe ba, kuma mai lambun da ya loda mota guda ba zai talauce don kwandon karas da kabewa biyu ba.

Sai a kiyaye wasu abubuwa. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar da ita, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan kewayawa, don gudawa tana zubar da abin da aka sha wahalar ciyarwa. Kowane ƙaramin yaro a zuba masa a kwanonsa, domin a kwanon tarayya mai saurin hannu ke ƙoshi. Shayi ba abincin yaro ba ne, yana ma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Zuma kuwa, duk da falalarta da ba mu musu, likitoci sun hana ba da ita ga jaririn da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna. Sannan akwai ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko aka danna bayan ƙafafuwan yaro duka biyu gurbin yatsa ya zauna, to asibiti za a nufa a ranar, ba a jira kasuwa ta ci ba. Koyon amfani da shi bai fi minti goma ba, kuma ban ga abin da zai hana kowace malamar aji da kowane alaramma ajiye guda a cikin gafaka ba.

Kafin na baro ƙauyen na koma wurin malamar, muka yi doguwar magana tare da shugaban makarantar. Na roƙe su a fara da kai yarinyar nan asibiti, suka ce za su je gidansu da la'asar. Da na kawo maganar tukunya, shugaban ya ce hatsi ba zai gagara ba idan liman ya yi magana ranar Juma'a, amma itace da niƙa da mai damawa kullum su ne abin dubawa, domin malamar ita kaɗai ce a kan yara fiye da talatin. Gwaggona, da na ba ta labari da daddare, ta ce ita za ta ɗauki suya da kai niƙa na wata guda, in dai an sami wasu mata uku da za su karɓe ta. Ni kuma na ɗauki waken suyan zangon farko. Maganar itace ce muka rabu ba mu warware ba.